Tanut: Ɗaura niyyar motsa jiki ba wuya, ɗorewar ce aiki

Labarin kusan iri ɗaya ne ko a bakin wa ka ji shi. Ciwon kai ya matsa wa ɗan kasuwa, ko jiri ya ɗebi 'yar kasuwa tana tsakiyar awo, sai a garzaya likita, a ɗaura abin gwaji a damtse, lokotoro ya duba ya ce jini ya hau. A rubuta magani, a ce a rage gishiri, a kuma riƙa motsa jiki. Ran nan mutum zai koma gida jikinsa a sanyaye, ya tara iyali ya shaida musu cewa daga gobe ya shiga sabuwar rayuwa. Wani har ya yi saƙon takalmin gudu daga Damagaram.

Kashegari da asuba sai ga shi a bakin titi yana sheƙa sauri. Rana ta biyu ma haka. A ta uku cinyoyi sun yi tsami, amma a daure. Kafin mako biyu su cika sai ranar kasuwa ta faɗo, mota ta iso da kaya tun da duhu, ko a yi rasuwa a unguwa, ko biki ya taso, sai a ce bari dai a huta yau, gobe a ci gaba. Goben nan ita ce har yanzu ba ta zo ba, takalmin kuwa yana ƙarƙashin gado ya sha ƙura.

Wannan matsala ba ta mutanen Tanut kaɗai ba ce. A ƙasashen Turawa ma watan Janairu ne gidajen motsa jiki ke cika maƙil da masu sabuwar niyya, kafin a kai ga watan Maris da yawansu sun ɓace. Sai dai ɗan kasuwar Damargu yana da nasa dalilan na daban da ke karya masa niyya, kuma maganin da zai yi masa aiki dole ya dace da rumfarsa da yanayin garinsa.

Kakanni da ƙafa suka yi fatauci

Tanut tana arewa da Damagaram da tazarar kilomita 140 da wani abu, a kan hanyar Agadas. Tun fil azal an san ƙasar Damargu da abu biyu, gero da fatauci. Ta nan ayarin da ke tasowa daga Kano zuwa Abzin har Tarabulus ke ratsawa, kuma da geron nan ne Abzinawa ke tsallaka hamada zuwa Bilma da Fashi su musanyo gishiri da dabino. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa Damargu a watan Janairun 1851 tare da ayarin gishiri, ya kuma tarar da ita ce rumbun da ke ciyar da mutanen Abzin.

Abin lura shi ne, fatauci a wancan zamani da ƙafa ake yin sa. Raƙumi da jaki da takarkari na kaya ne, falke kuwa yana biye da su a ƙasa, kwana da kwanaki. Mace ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga a rijiyoyin Damargu waɗanda kowa ya san zurfinsu. Babu wanda ya taɓa ce musu su motsa jiki, don neman abincin kansa motsa jiki ne.

Har gobe akwai dubban mutane a karkarar Tanut da Belbeji da ke cikin irin wannan rayuwa, kuma su abin da suke buƙata hutu ne da abinci mai gina jiki da ruwa kusa da gida. Maganarmu ta yau da waɗanda ciniki ya zaunar muke yin ta: mai kanti, mai tireda, dillalin hatsi, mai sayar da atamfa, mai awo, tela, direba, da uwar ɗakin da yanzu 'yan aiki ke yi mata komai tana zaune a kan kujera tana karɓar kuɗi. Babur ya ɗauko mutum daga ƙofar gida ya dire shi ƙofar rumfa, yaro ya ɗauko masa kaya, inji ya yi niƙa, wayar salula ta hutar da shi zuwa wajen abokin ciniki. Daga safe har magariba tafiyarsa ba ta wuce daga tabarma zuwa masallaci ba, ga shayi mai sukari zagaye uku, ga gasasshen nama, ga lemon kwalba. Da yamma ya tashi a gajiye ya ce ai ya sha aiki. Gaskiya ne ya gaji, amma gajiyar zama da surutun ciniki ba ta amfana wa zuciya komai.

Darasin direba da kwandasta

Masana sun daɗe da gano illar zama wuri ɗaya. A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa na birnin Landan, mutum kusan 31,000. Motocin masu hawa biyu ne. Direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi saurin kashe su. Duk wanda ya san tasha zai gane wannan misali, don ya ga bambancin jikin maigida da na yaron mota.

A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma abin ya fi yawa ga mata, inda suke da kashi 34, maza kuwa 29. A wani rahoton da ta fitar a 2023 ta ce babba ɗaya cikin uku yana da hawan jini, kuma kusan rabin masu shi ba su ma san suna ɗauke da shi ba.

Ga ɗan kasuwa wannan magana ce ta jari. Hawan jinin da aka ƙyale shi ne ke kai wa ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Ranar da maigida ya faɗi, rumfa ta rufe, masu bashi su yi shiru, a fara sayar da awaki da buhunan gero don jigila zuwa babban asibitin Damagaram ko Yamai. Abin da aka shekara ashirin ana tarawa sai ya narke cikin watanni. Ba banza ba Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki.

Nawa ne ya isa?

Tunda 'yan kasuwa sun fi gane magana da ma'auni, ga ma'aunin. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babban mutum yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Minti 150 shi ne rabin awa a rana har kwana biyar. Sannan sau biyu a mako a yi abin da zai ƙarfafa gaɓoɓi, kamar tsugunawa da tashi, ko ɗaga abu mai ɗan nauyi. Hukumar ta ƙara da cewa kowane motsi yana shiga lissafi, kuma kaɗan ya fi babu. Ke nan minti goma da safe, goma da la'asar, goma bayan abincin dare, sun biya.

Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ƙaru, jiki ya yi ɗumi, amma kana iya magana da wanda kuke tare. In har ba ka iya haɗa jimla ba tare da haki ba, ka yi yawa, sassauta.

Masu wayar da ke ƙirga taku sukan karaya in sun ga ba su kai 10,000 ba. Su sani wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a ƙasar Japan a 1965. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2019 a kan mata tsofaffi ya nuna masu taku kimanin 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma amfanin yana ta ƙaruwa har zuwa wajen 7,500. Haka zalika, wani babban bincike da aka fitar can Amurka a 2002 ya nuna mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako suka kuma rage ƙiba kaɗan, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100.

Abubuwan da ke karya niyya

Na farko shi ne zafin farawa. Mutumin da ya shekara goma sha biyar bai yi tafiyar kilomita ɗaya ba, rana ɗaya sai ya ce gudu zai yi. Gwiwa ta kumbura, baya ya riƙe, sai ya yanke hukuncin cewa abin ba nasa ba ne. Wanda zai fara sana'a ai ba ya zuba jarinsa duka a kasuwar farko.

Na biyu, kuma shi ya fi ƙarfi a ƙasar Hausa, bakin mutane. A wurinmu tumbi alamar arziki ne, ƙibar mace kuma shaidar miji yana kula da ita. Alhaji ya ajiye babur ya taka zuwa kasuwa, kafin azahar labari ya zagaye cewa ya karye. Hajiya ta ɗan faɗa, a fara tambaya ko lafiya, ko kishiya ce aka yi mata. Ga kuma ɗaukar da ake yi cewa motsa jiki na 'yan kokawa ne da sojoji da samarin da ke ɗaga ƙarfe, irin na unguwar Kara-Kara ta Damagaram da Aisha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021. Dattijo yana jin kunyar a gan shi yana abin yara. To amma masu surutun nan ba su za su biya kuɗin magani ba, kuma in mutum ya kwanta, sannu kawai za su zo su yi su koma rumfunansu.

Na uku shi ne lokaci. Ɗan kasuwa ba shi da ƙarfe nawa na tashi daga aiki. Wanda ke bin kasuwannin ƙauye, yau Bakin Birji, gobe Belbeji, jibi Gangara, ba zai iya riƙe tsarin ma'aikacin ofis ba. Duk niyyar da aka gina a kan sai an samu lokaci, rushewa za ta yi.

Na huɗu, gaggawar ganin sakamako. Mutum ya yi mako uku ya shafa ciki ya ji yana nan, sai ya ce aikin banza. Alhali amfanin farko ba a ciki yake fitowa ba. Barci ne ke daɗi, haki ya ragu, kasalar bayan azahar ta tafi, awon jini ya ɗan sauka. Ko nauyi bai ragu ba, zuciya tana cin riba.

Dabarun ɗorewa

Wata mai bincike a Jami'ar Landan, Phillippa Lally, ta bi mutum 96 da suka ɗauki sabuwar ɗabi'a, ta tarar abin yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Binciken, wanda ya fito a 2009, ya kuma nuna tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Darasi biyu ke nan: a ba abin wata biyu zuwa uku kafin a yanke masa hukunci, kuma in an fasa yau, a koma gobe ba tare da zargin kai ba. Ranar da ba ka yi ciniki ba, ai ba ka rufe rumfa har abada.

Dabara ta farko, a ɗaura tafiyar a jikin abin da ba a fasawa. Ba ka fasa zuwa kasuwa, ba ka fasa salla. Saboda haka maimakon ka ce za ka riƙa motsa jiki, ka ce daga masallacin asuba za ka zagaya ta hanya mai nisa kafin ka shiga gida, ko kuma da ƙafa za ka riƙa zuwa rumfa. Wanda gidansa ke da nisa ya sauka daga kabu-kabu tun da sauran tafiyar minti goma. A ce kana biyan dala arba'in zuwa, arba'in dawowa, wato sefa 400 a rana. A kwana 25 jika goma ke nan ta zauna a aljihu. Ka ware gwangwani ka riƙa jefa kuɗin ciki, ƙarshen wata ka ga ladan ƙafarka da idonka.

Ta biyu, a fara da abin da ba zai gagara ba ko a ranar da aka fi gajiya. Minti goma a makon farko, a ƙara biyar kowane mako, har a kai talatin.

Ta uku, a nemi abokin tafiya. Mata sun fi kowa sanin sirrin adashi: abin da ke sa zubi ba ya tsallakewa shi ne sanin cewa wasu na jiranka. Mutum uku ko huɗu 'yan layi ɗaya su sa lokaci, wanda ya makara a ƙwanƙwasa masa ƙofa, wanda ya fasa ba dalili ya sayi goron ranar. Bugu da ƙari, in dattijai huɗu suka jera, babu mai cewa sun karye.

Ta huɗu, a rubuta. Ɗan kasuwa ya yarda da littafi. A bayan littafin bashi a ja layi, duk ranar da aka yi tafiya a sa alama, duk wata kuma a je likita a auna jini a rubuta lambar a gefe. Lambar da ake so ita ce ƙasa da 140 bisa 90.

Ta biyar, a cikin rumfar ma a riƙa tashi. Kada awa ta cika kana zaune. In mai saye ya zo, tashi ka ɗauko kayan da kanka. In waya ta shigo, amsa ta a tsaye. In za ka karɓo bashi a layin 'yan hatsi, taka ka je, ka bar yaron ya tsare rumfa.

Mai burin sauke farali kuma yana da ƙarin dalili. Safa da Marwa kaɗai, kai da komowa bakwai, ya kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da zuwa jifa. Wanda ya saba tun daga gida shi ke yin su da ƙafarsa.

Ke kuma, uwargida

Ba kowace mace ce za ta fita bakin titi ba, kuma ba sai ta fita ba. Tsakar gida ta isa. A zagaya ta da sauri minti goma bayan an idar da sallar asuba, a sake bayan abincin dare. Shara, wanki, da ɗan dakan fura da hannu maimakon a aika inji kullum, duk suna cikin lissafi. Mai ciwon gwiwa ta zauna a kujera ta tashi sau goma ba tare da dafa ƙasa ba, ta huta, ta sake. Zuwa barka ko gaisuwa a cikin gari, in da hali a haɗu da maƙwabta a taka. Mai juna biyu ma tafiya tana yi mata amfani, sai dai ta fara shawara da ungozomar da ke yi mata awo. Maigida kuma ya sani, matar da aka bari ta kula da lafiyarta ita ce za ta daɗe tana riƙe gidan.

Kowane lokaci da tsarinsa

Yawancin niyya a hunturu ake ɗaura ta, bazara ce ke kashe ta. Daga Maris zuwa Mayu zafin Damargu yakan haura digiri 40, don haka tafiya sai da sanyin asuba ko bayan isha'i, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo, a kuma rage tsawonta in ta kama. A hunturu, ranar da ƙura ta turnuƙe, a rufe hanci da rawani ko mayafi, mai asma kuwa ya yi tasa a cikin gida. Da damina, wanda ke zuwa gona ya yi noma da hannunsa ya riga ya biya bashin ranar. Da azumi a mayar da ita bayan an sha ruwa, ko a zaɓi masallacin asham mai ɗan nisa. Wanda ya tsara wa kowane lokaci abinsa tun kafin ya zo, canjin yanayi ba zai zame masa uzuri ba.

Masu bin babban titi su tuna hanya ce ta manyan motoci da tankokin mai, musamman tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011. A bi gefen da ake fuskantar mota, a sa tufafi masu haske, a riƙe tocila in da duhu.

Hattara dai

Wanda ya san yana da ciwon zuciya, ko hawan jininsa ya yi tsanani, ya fara ganin lokotoro kafin ya soma. In ana tafiya aka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take a nufi likita. Mai ciwon sukari ya sa takalmi mai rufe ƙafa, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum saboda ƙaya da gyambo, ya kuma riƙe dabino a aljihu ko da sukarin zai faɗi. Babban kuskure kuma shi ne mutum ya ga ya ji sauƙi ya ajiye maganin hawan jini da kansa. Tafiya taimakon magani take yi, lokotoro ne kawai zai ce a rage ko a daina. Gishiri kuma kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a wuni, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Idan kana cikin waɗanda suka fara suka bari, ba ka yi asarar komai ba, ka dai san inda ka yi tuntuɓe. Gobe da safe ka bar babur a gida, ka taka zuwa rumfa, ka buɗe bayan littafin bashi ka sa alamar farko. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a kasuwa.